Tsagar da Na Goge

Ku 'ya'yana, da jikokina da suka fara iya karatu, akwai wata magana da nake ji kuna yi wadda ba daidai ba ce, kuma ina so in gyara ta tun ina da sauran numfashi. Duk wanda ya yaba aikin shagonmu na Birnin Kudu, sai in ji ɗayanku ya karkace baki ya ce, "Ai idon Baba ne, shekara arba'in yana hoto." Ni kuma in yi shiru in gyara zaman hula, don yabo daɗi gare shi ko da na aro ne. To ku saurara. Shekara arba'in ɗin gaskiya ce, ba na musu. Amma sunan da shagon nan ya yi wajen zana hoto a jikin katako ba nawa ba ne, na yayarku Ummi ne. Zan gaya muku aikin da ya sa na san haka, don ina wurin aka yi shi, ni ne ma na fara ɓata shi.

Na fara hoto tun ana shiga ɗakin duhu a wanke fim da hannu. Ranar kasuwa sai in naɗe labulena mai zanen bene da furanni, in rataya kyamara, in hau mota zuwa Gwaram in kafa a gindin bishiya. A nan na koyi abin da babu wanda ya koya mini: ba wanda yake zuwa wurin mai hoto don a ba shi fuskarsa, kowa wadda ta fi tasa yake so. Wannan ya ce, "Malam Sale, a ɗan haska ni." Waccan ta ce a cire mata ƙurajen goshi. Da fensir mai tsini nake bin fim ɗin ina shafe tamoji da tabo, kuma da zamani ya zo mutane suka fara jin nauyin tsagar gado da ke fuskarsu, ita ma na riƙa rage mata ƙarfi. Da kwamfuta ta shigo, abin ya ƙara sauƙi. Hannuna ya saba har ya daina jira a roƙe shi, da na ga layi a kumatu sai in share.

Daga baya waya ta zo ta kashe mana kasuwa, kowa ya zama mai hoto. Sai in wuni a shago ba wanda ya leƙo, in ban da masu neman fasfo na makaranta. A wannan halin ne Ummi ta tafi Kano, da yardar mijinta, ta yi wata huɗu tana koyon wani aiki, ta dawo da inji a bayan akori-kura. Kun san ita ce 'yar farina, kuma sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa ban taɓa kiran sunanta na yanka ba, "Uwata" nake cewa. Kun kuma san al'adarmu, uba ba ya sakewa da ɗan fari, balle ya yabe shi a gaban mutane. Saboda haka da aka sauke injin nan, wani akwati mai murfin gilashi da bututun hayaƙi, ban ce sannu da ƙoƙari ba. Abin da na ce shi ne:

"Wannan kuma na gasa masara ne?"

Ta yi dariya ta ce, "Baba, injin lesa ne. Da wani siririn haske mai zafi yake ƙona hoto a jikin katako. Amma fa ba shi da wayo ko kaɗan, abu biyu kawai ya sani, ya ƙona ko ya bari. Duk wayon yana wurin wanda ya shirya masa hoton."

Da na ji haka sai na gyara tsayuwa. Na ce to shi ke nan, an raba aiki, ke ƙonawa, ni shiryawa. Ba ta yi musu ba. Ta zaunar da ni ta nuna mini yadda ake yi: a cire duk abin da ke bayan mutum, a mai da hoton fari da baƙi, a raba hasken da duhun sosai don kada fuskar baƙin mutum ta fito kamar gindin tukunya, a ƙara wa bakin ido da na leɓe kaifi, sannan a farfasa hoton duka ya zama ɗigo-ɗigo ƙanana, don injin bai san toka-toka ba, yawan ɗigo ne ke zama duhu, ƙarancinsa ya zama haske. Kafin a sa katakon gaske kuma sai an gwada a guntu. Cikin sati biyu na iya, na kuma fara yi mata gyara a abin da ita ta koya mini. Aiki ya fara shigowa, na masu barin aiki da za a karrama, na amare, na 'yan makaranta. Kujerar gaban kwamfuta ta zama tawa, ko ƙura ba na bari a kaɗe mata sai ina wurin.

Wata ranar Laraba da kaka, ana tsakiyar yankan gero, wani direba ya shigo. Sunansa Garba, yana jigila tsakanin Gwaram da Kano, mutumin Zandam ne. Ya gaishe ni, ya daɗe yana juya makullin mota a hannu, sannan ya zaro wani ɗan hoto daga cikin leda uku, wata cikin wata. Hoton wata mata ce, bai fi tafin hannun yaro ba, ya koɗe ya yi ja, kusurwa ɗaya ta karye.

Ya ce, "Innarmu ce. Bara ta rasu. Shi ke nan hotonta a duniya."

Na yi masa ta'aziyya, na tambaye shi girman da yake so, na bango ko na tebur.

Ya ce, "Ba na rataya ba ne, Malam. Na Baba ne, kuma Baba ba ya gani, shekara shida ke nan. Tun da ta rasu yake zaune lafiya, yana haƙuri. To kwanan nan sai ya daina cin abincin kirki. Da na matsa masa sai ya ce mini, 'Garba, fuskar uwarku ta fara ɓace mini. In na nemo ta a raina sai in samu murya, in rasa fuska.' Na ga aikinku a gidan wani a Gwaram, na shafa na ji yana da kaushi. Shi ne na ce ko za a yi masa wanda zai riƙa taɓawa."

Na san akwai masu magana a kan hoto, wannan na bar wa malamai, su suka san shi. Ni dai abin da na gani a gabana ɗa ne da ke neman abin da zai sa ubansa ya ci tuwo. Na juya bayan hoton, sai ga hatimin shagona, tawadar ta kusa gogewa. Ashe ni na ɗauka, a kasuwar Gwaram, shekara talatin ko fiye. Wallahi ban tuna matar ba, amma nan take kaina ya kumbura. Na ce wa Garba ya kwantar da hankalinsa, hoto ya dawo gidan ubansa, ya zo ranar Asabar.

Na sa shi a kwamfuta na faɗaɗa. Mace ce doguwar fuska, da ɗan kunne ƙarami, ta ɗaura kallabi ya ɗan karkata. A kowane kunci akwai layuka sirara, sun dushe. Na san tsaga ce, ba yaro ba ne ni. Amma a kuncin hagu akwai wani layi da ya sauko tare da 'yan'uwansa, sai ya kauce ya lanƙwasa wajen kunne kamar lauje. Wannan kam na ce karce ne, hoto ya sha jaka. Na share shi. Da na share shi sai sauran suka tsaya mini a ido, hannu kuma ya yi abin da ya saba. Kafin la'asar matar nan ta fito fes, kunci sumul, na rage mata shekara goma. Har na ji daɗi a raina, na ce na yi wa baiwar Allah kwalliya.

Ummi ta leƙo ta bayana ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Baba, layukan fuskarta fa?"

Na ce, "Datti ne. In an bar su injin zai ƙona su su zama kamar an yi mata bulala."

"Da dai an bar su. Kuma ina ganin ɗigon nan ido ne ke haɗa shi ya zama fuska. Yatsa ban sani ba ko zai..."

Ban bari ta ƙarasa ba. Na ce, "Uwata, ni na ɗauki hoton nan kina cikin zanin goyo. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ki kunna injinki."

Ta ce, "To, Baba." Ta kunna.

Aikin ya fito kyakkyawa, wannan ko yau ba na ja da baya. A kan farin katako, kamar ta yi magana. Da Garba ya gani sai da ya share ido. Don tsabar jin kai na ce zan bi shi Zandam in miƙa da hannuna. Ba zan ɓoye muku ba, godiya na tafi karɓa.

Mun sami tsohon, Malam Ilu, a zaure kan buzu, da hantsi. Dogon mutum ne da ya rame, hannuwansa manya, irin na wanda ya yi rayuwarsa a gona. Ga kwanon koko a gefensa ya huce, ƙuda na bi. Garba ya durƙusa ya gaya masa abin da aka kawo. Tsohon ya goge tafukansa a riga sau biyu kafin ya karɓa. Ya fara shafawa daga sama, a hankali, ya sauko, ya koma. Na ga goshinsa ya tattare.

Ya ce, "Garba, ina fuskar take? Ni kaushi kawai nake ji, kamar samfefa."

Garba ya kama yatsansa ya ɗora. "Nan ne ido, Baba. Nan hanci. Nan kuma kunci."

Yatsan ya tsaya a kuncin, ya zagaya, ya sake zagayawa, yana neman abu. Sannan ya tsallaka ɗaya kuncin ya nema. Can sai ya ɗago hannunsa.

Ya ce, "Wannan 'yar wa ce? Uwar yaran nan ba ta taɓa zama sumul ba."

Ya miƙo katakon wajen da ya ji numfashina, da hannu biyu, cikin ladabi. Ya ce, "Malam mai hoto, an sha wahala, an gode. Allah ya saka da alheri." Sai ya juya fuskarsa wajen bango. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. A mota Garba ya ce in bar shi kawai, kada a sake tayar wa tsohon da hankali, ga shi yanzu an sa masa rai an kuma cire. Tun daga Zandam har Birnin Kudu katakon yana kan cinyata a kife.

Da na shiga shago Ummi ta dubi fuskata ta dubi katakon, ba ta tambaye ni komai ba. Ta kawo mini ruwa. Ni da kaina na ba ta labari, ina yi ina faɗa, wai tsoho ne mai rigima, wai makaho ina ya san hoto. Ta bar ni na gama borin kunyata tas. Sannan ta ce:

"Baba, in ka yarda, a ba ni in gwada. Asalin hoton yana nan a kwamfuta, ban goge ba."

Kai, wanzami ba ya son jarfa! Shekara arba'in ina gyara fuskar mutane, yau ni za a gyara wa aiki, kuma 'yar cikina. Na so in ce a'a. Abin da ya hana ni shi ne kwanon kokon nan da na gani ya huce. Na tashi daga kujerar, na ja ta baya, na ce, "Ga ta nan." Na koma benci wurin da masu jiran fasfo ke zama. Ku da kuke ganin abin kamar wasa, ku jira ku tsufa a kan sana'a.

Ni na ɗauka zama za ta yi ta mai da layukan da na share. Ina! Ko kwamfutar ba ta taɓa ba. Waya ta ɗauka ta kira Garba, ta ba shi haƙuri, ta ce kada ya gaya wa tsohon komai tukuna. Sannan ta tambaye shi ko Innarsu tana da 'yar'uwa uwa ɗaya uba ɗaya da ke raye. Ya ce akwai ƙanwarta, Iya Talatu, a Kwandiko. Ummi ta ce mini, "Baba, hoton ya dushe, ba zan iya rantsuwa a kan abin da nake gani ba. Amma gida ɗaya tsaga ɗaya, wataƙila ma wanzami ɗaya. Ka raka ni." Wannan dabarar ko a mafarki ba ta zo mini ba, ni da nake taƙama da sanin fuska.

Iya Talatu 'yar tsohuwa ce ƙarama mai bakin tsiya. Mun same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Da ta ga kyamara a wuyana ta ɗaga hannu.

"A'a, a'a! Ba mai ɗaukata ban yi wanka ba. Ka mai da abinka jaka."

Ummi ta ce, "Iya, ba ɗaukarki za a yi ba. Fuskarki na zo aro."

"Aro? To in kin gama ki dawo mini da ita da sauran kyanta."

Ummi ta zauna a tabarma ta taya ta ɓarar gyaɗa, suna hira, sai da tsohuwar ta sake sannan ta gaya mata abin da ya kawo mu. Iya Talatu ta ajiye gyaɗar. Ummi ta roƙi izini ta taɓa fuskarta. Sai na ga ta rufe idonta, ta ɗora yatsa a kuncin tsohuwar tana bi a hankali, daga sama zuwa ƙasa, tana ƙirgawa. Uku a dama, uku a hagu. Ta tambayi wanne ya fi zurfi, daga ina suke farawa, ko sun kai haɓa. Ta zana a takarda. Daga nan ta fito da asalin hoton yayar, wanda ban taɓa ba, da ta faɗaɗa ta buga a babbar takarda, ta nuna mata. Ni kuma bakina bai iya zama ba. Na miƙa yatsa kan layin nan mai lanƙwasa na ce:

"Wannan dai kada a sa shi a lissafi, karce ne. Hoton ne ya karye."

Iya Talatu ta kawo takardar dab da hancinta, ta duba, ta ɗago ta harare ni.

"Karce a gidanku! Kai ne mai hoton? Wannan ai atishawar Yaya ce."

Ta ba mu labari, tana dariya hawaye na zuba. Ranar da aka yi wa yayarta tsaga, tana jaririya, wanzami ya gama biyar lafiya, yana kan ta shida, ta uku a hagu, sai jaririyar ta yi atishawa. Aska ta zame ta yi wajen kunne, ta kuma shiga da zurfi a ƙarshen. Wanzamin ya so ya ƙi karɓar ladansa don kunya. Har ta girma ana tsokanarta da shi a gida.

Ta ce, "Shi kuwa Malam Ilu, da ya zo neman aure, ƙawayenta suka ce ta riƙa juya masa dama. Ta ƙi. Daga baya ya ce ai da wannan ya gane ta a cikin 'yan mata a bakin rijiya. Kai kuma ka zo ka ce karce!"

Abin da mutumin nan ya riƙe shekara hamsin, shi na fara sharewa, cikin daƙiƙa ɗaya, har ina yaba wa kaina.

Kwana tara Ummi ta yi a kan aikin nan, ni ina benci ina kallo, kuma a kwana taran nan na koyi abin da ban koya ba a shekara arba'in. Farko ta zubar da ɗigon gaba ɗaya. Ta ce hoton ido daban, hoton yatsa daban, yatsa layi yake bi da tudu da kwari. Ta bi fuskar da hannu a kwamfuta tana fitar da iyakarta: gefen fuska, bakin kallabi, gira, ido, karan hanci, leɓe, ɗan kunne. Duk abin da zai rikita yatsa ta cire, har zanen atamfar da ni na ɓata awa biyu ina fito da shi. Ta sa injin ya cinye katakon da ke kewaye da fuskar don fuskar ta taso. Ta ƙara girman aikin har kunci ya ɗauki yatsu uku na babban mutum. Farin katakon da muke amfani da shi ma ta ajiye, ta aika aka samo mata maɗaci wurin kafinta. Na ce hoto ba ya fita a jan katako. Ta ce, "Ba fita ake so ba, Baba, riƙe kaifi ake so, hannu zai yi ta binsa kullum." Tsagar kuwa ita ta bari ƙarshe. Biyar ta sa injin ya bi sau biyu-biyu, ta shidan ta raba ta gida uku, tana ƙara zurfi har zuwa inda ta lanƙwasa.

Duk gwajin da ya fito, sai ta wanke toka da ɗan burushi, ta ɗaure idonta da gyale, ta zauna tana shafawa. In ba ta gane ba, ta jefa a kwali ta sake. Na ƙirga guntaye goma sha huɗu a kwalin nan. Yatsunta suka yi baƙi, hayaƙin maɗaci ya sa ta tari, ga goyo, ga girkin gidanta, ba ta taɓa cewa wash ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuma shi ne, ko sau ɗaya ba ta ce "ai na faɗa" ba. Maimakon haka sai ta riƙa kirana. "Baba, zo ka duba mini, nan inuwa ce ko ƙashin kumatu ne? Kai ka san inda rana take ranar." Na duba na ce inuwar bishiya ce, hasken daga dama ya zo. Ta gyara. Na san tana iya ganewa da kanta, so take ta mai da ni cikin aikin ba tare da na roƙa ba. A rana ta takwas ta miƙo mini gyalen ta ce in gwada. Na ɗaure idona, ni Sale, da furfurata, a tsakiyar shago. Na ɗora yatsa, na bi goshi, na sauko hanci, na tsallaka hagu, ɗaya, biyu, sai yatsana ya faɗa ta ukun ya tafi da kansa wajen kunne. Na kwance gyalen na ce, "Ba laifi." Iyakar abin da na iya cewa ke nan, Allah ya yafe mini.

Garba ya zo ya ɗauke mu ranar Litinin. Bai so ba da farko, sai da shi ma ya rufe ido ya shafa, sannan ya ce mu tafi. Mun isa bayan azahar. Malam Ilu yana nan a zauren, ya ƙara faɗawa. Maƙwabta biyu suna zaune tare da shi, matan gidan kuma suka taru a bakin ƙofar ciki. Da ya ji muryata ya ce, "Malam mai hoto, ka sake wahala?" Ba ya so, na ji a muryarsa. Ummi ta durƙusa nesa kaɗan ta gaishe shi, ta ce, "Baba, ba sai an nuna maka komai ba. Ka taɓa kawai. In ba ita ba ce, mu koma da abinmu."

Garba ya ɗora masa a cinya, ya janye hannunsa. Tsohon ya daɗe bai taɓa ba. Sannan ya sa yatsu biyu a sama, ya sami bakin kallabin, ya bi shi har inda ya karkata. Ya sauko goshi. Ya tsaya a ido. Ya bi hanci zuwa leɓe, ya koma kuncin dama, na ga bakinsa yana motsi, yana ƙirgawa. Zauren ya yi tsit, har kukan akuya a bayan gida muna ji. Ya tsallaka hagu. Ɗaya. Biyu. A ta ukun yatsan ya sauko, ya kauce, ya tafi wajen kunne, ya tsaya a wurin da ya fi zurfi. Bai ɗaga ba. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, hawaye kuma na bin gemunsa.

Ya ce, "Ga ta nan. Ga atishawar."

Wata mata a bakin ƙofa ta fashe da kuka. Tsohon ya ɗago fuska ya ce, "Wa ya yi wannan? Ba hannun da ya yi na farko ba ne."

Garba ya buɗe baki zai ce shagon Malam Sale, don ya rufa mini asiri. Na riga shi. Na ce, "Na farkon ni na yi, Malam, ni na share mata tsaga. Wannan 'yata ce ta yi, 'yar farina. Ta fi ni." A gaban maza, a garin mutane, da bakina. Ummi ta sunkuyar da kai ta ja gyale ta rufe fuska. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin irin wannan daga gare ni ba, kuma ban ji na ragu da komai ba, sai ma wani nauyi da ya sauka daga ƙirjina.

Malam Ilu ya sa mata albarka, doguwa, har jikokinta da ba a haifa ba. Muka shafa. Garba ya matso da kwanon fura ya ce, "Baba, ko za ka ɗan sha?" Ya ce a ajiye nan kusa, zai sha. Hannunsa dai bai bar kuncin hagun ba. Maƙwabtan suka fara matsowa suna son su gani, kowa na miƙa wuya. Sai tsohon ya jawo katakon ya rungume a ƙirji, ya ce:

"Jama'a, ku yi haƙuri. Ku ɗan ba mu wuri."

Muka tashi muka fita, har Garba. Muka tsaya a inuwar darbejiya a ƙofar gida, ba mai kallon wani. Daga cikin zauren muna jin muryarsa ƙasa-ƙasa, yana ba ta labarin geron bana.